Iskar da Aka Ɗura a Ɗaki Mai Ɗumi

Yaya Orville ya sauka daga jirgin wasiƙu ranar Litinin da kwalaye huɗu, ba ko ɗaya mai kayan sawa a ciki. Ni na je tarbarsa da babur ɗin ƙanƙara na gidanmu. Na ɗaure kwalayen a amalanken da muke ja a baya, ya hau bayana, bai bari mun fita daga filin jirgin ba ya fara mita.

"Rhoda, wannan babur ne ko bencin coci? Kowane tudu sai na ji shi a haƙorana."

"Haka yake tun bara."

"Kuma a kansa za ku ɗora Kaka?"

Abin da ya kawo shi gida ke nan.

Ƙanwar Kaka Celine, wato Effie, ta rasu shekara biyu da suka wuce a Ƙauyen Sama, mil talatin da biyu daga namu in aka bi kogi. Ranar Asabar za a yi taron tunawa da ita, inda dangi za su yi kyauta ga waɗanda suka yi mata hidima ranar da ta mutu. Kaka ta shekara tana ɗinka takalma da safar hannu na fatar mus, wata ƙatuwar barewar dajinmu, ta yi musu ado da duwatsu shuɗi da fari, don Madeline, matar da ta yi wa Effie wanka ta sa mata tufafi. Ta ce da hannunta za ta miƙa, ba za ta ba kowa saƙo ba. Sai dai a farkon sanyi ta zame a bakin ƙofa, kwatangwalonta ya karye, aka kai ta asibiti a birnin Fairbanks aka sa mata ƙarfe. Yanzu da sanda take tafiya. Jirgi ba ya haɗa ƙauyukan biyu sai an bi ta Fairbanks an kwana, ita kuwa ta ce ganin da ta yi wa Fairbanks ya ishe ta har ta mutu. Hanya ɗaya ta rage, ita ce bisa daskararren kogi.

Mai yanke hukunci ita ce Goggo Lavina, ƙanwar babanmu, wadda ke riƙe da ɗakin shan magani na ƙauyen. Kaka ce ta haife ta, amma a kan maganar kwatangwalo Kaka ba ta isa ta ja da ita ba.

Ranar Talata Yaya ya buɗe kwalayensa a garejin gidan janareta. Nan kaɗai ne a ƙauyenmu mutum zai taɓa ƙarfe da hannu tsirara cikin watan Maris, don zafin injinan yana cika ɗakin har sai ka tuɓe rigar sanyi. Akwai dogon gilashin gaba, da kujerar baya mai majingina da madafa biyu masu ɗumama hannu, da wata fitila mai farin haske. A kwalin ƙarshe akwai shokazoba uku, biyu na gaba ɗaya na baya. Ba su da sifirin ko kaɗan. Iska ake ɗura musu da ɗan famfon hannu mai geji a jikinsa, a ƙara ko a rage daidai nauyin masu hawa.

Ni ce mai miƙa sifana da riƙe tocila. Dattijan da ke zuwa garejin shan kofi da jin ɗumi suka jera a kan benci suna kallo.

Ɗayansu ya ce, "Orville, yanzu iska ce za ta ɗauki mutum biyu?"

"Iska ce ta ɗauko jirgin da ya kawo ni, Kawu."

"Shi ya sa ba na hawansa."

Yaya ya sa sarƙa ya ɗaga babur ɗin har takalmansa na gaba masu sulɓi a kan ƙanƙara da bel ɗin baya mai tura shi suka bar ƙasa. Ya duba takardar da ta zo cikin kwalin. Ya ɗura saba'in saba'in a gaba, ɗari da arba'in a baya. Da ya sauke, ya hau ya yi tsalle a kan kujerar. Babur ɗin ya nutsa a hankali ya taso a hankali, kamar katifa sabuwa. Dattijan ma sai da suka hau ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai wani abu ya tsaya mini a rai. Kullum ni ke ɗebo ruwan gidanmu daga famfon ƙauye. In na rufe jarka babu komai a cikinta a kicin, na fita da ita waje, kafin na kai famfo sai in tarar ta lotsa, gefe da gefe sun shige ciki. In na dawo da ita ɗaki na ajiye kusa da murhu, sai ta yi ƙara ta miƙe da kanta. Na dubi shokazoban nan, na dubi Yaya da ke gumi cikin singileti. Na buɗe baki, sai na ga maza shida a ɗakin, na mayar na rufe. Na ce a raina waɗanda suka rubuta takardar ai sun san sanyi.

Goggo Lavina ta ce a gwada ranar Laraba. Sharaɗinta shi ne a kai Kaka hanyar yanke ta farko, mil uku daga ƙauye, inda ake barin kogi a ratsa tudu don a rage kwana. A ƙetare, a dawo. In Kaka ta dawo da ciwo, magana ta ƙare.

Yaya ya fito da babur ɗin kai tsaye daga gareji zuwa ƙofar gida. Muka naɗe Kaka cikin barguna, muka jingina ta, ta kama madafan nan ta ji ɗumi ta yi dariya.

"Yaron nan, ashe zamanka a birni ba duka ne asara ba."

Ni da Goggo muka bi su a kan nata babur ɗin. A kan kogi tafiya ta yi daɗi. A kwanar farko Kaka ta ce a tsaya ta ga tsohon wurin da suke shanya kifi da Effie tun suna 'yan mata. Muka sha shayi daga filas, ta yi ta nuna mana inda rumfa take, inda kare ya taɓa sace musu kifi goma sha biyu. Mun fi rabin awa a tsaye. Sanyin ranar talatin ne ƙasa da sifili.

Da muka shiga hanyar yanke sai na ga bayan babur ɗin Yaya ya zauna fiye da yadda ya fito. Hanyar gargada ce, babura sun tona ta tudu da kwari. A kwari na farko na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. A na biyu haka. A na uku Kaka ta ɗaga hannu sama. Ba ta yi kuka ba, amma leɓenta ya yi fari. Muka juyo da tafiyar da mai ƙafa zai wuce mu, a ƙofar gida kuma sai ɗaukarta muka yi.

Goggo ta duba ta, ta matsa nan ta matsa can, ta miƙe.

"Ƙarfen bai goce ba, Allah ya taimaka. Amma shi ke nan."

"Lavina, ni fa na goya ki a hanyar nan."

"Da lafiyayyen kwatangwalo kika goya ni, Mama. Ni zan kai kayan, in gaya wa Madeline dalili."

Kaka ta juya fuskarta bango.

Yaya ya mayar da babur ɗin gareji, ya zo gida ya ci miya a tsaye, ya koma bayan awa biyu. Na bi shi. Ya ɗaga da sarƙa, ya sa geji. Saba'in. Saba'in. Ɗari da arba'in. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a bakin iskar da duk wata mahaɗa, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya sake aunawa har sau uku.

"Ba ya yoyo, ba ya aiki," ya ce. "Shara aka sayar mini. Gobe zan kwance su in mayar da tsofaffin."

Na jira har dattijan suka watse. Yana tattara sifana na ce, "Yaya, ka bar shi ya kwana a waje."

"Horo za mu yi masa?"

"Ina so in auna shi da safe."

"A gabanki na auna sau uku."

"A nan ka auna. Ba a nan Kaka ta hau ba."

Ya tsaya da sifana a hannu yana kallona. "Yau kuma Injiniya Rhoda ce ta yi magana? Jimla biyu a jere. Bari in rubuta kwanan wata."

"Ka bar shi kawai."

Ya miƙo mini makulli. "Ki kai shi duk inda kike so. In ya yi mura ke za ki yi jinya."

Na ajiye shi a bayan gida, kusa da tarin itace.

Da gari ya waye ma'aunin da ke jikin taga yana nan a talatin ƙasa da sifili. Na sa famfon cikin rigata don kada robarsa ta sandare. Babu sarƙa a waje, sai na sa doguwar sanda na bankaɗa gaban babur ɗin, Yaya ya tura kututture a ƙarƙashi, yana hamma, kofi a ɗaya hannun. Na kwance ɗan murfin, na ɗaura famfo. Allura ta tsaya a hamsin da biyar. Ɗaya gefen ma haka. Muka ɗaga baya. Ɗari da goma.

Ya ajiye kofin a kan ƙanƙara, ya karɓi famfon ya auna da kansa.

"To ina ta tafi?"

"Ba ta tafi ko'ina ba. Takurewa ta yi. In ka mayar da shi gareji za ta dawo saba'in."

Na shiga kicin na ɗauko jarka, na rufe ta a gabansa, na ajiye a kan matakala. Bai gama shan kofinsa ba ta lotsa.

Ya daɗe yana kallonta. "Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun ranar Talata nake zato."

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru." Wannan kam laifina ne, kuma ban nemi in kare kaina ba. Kaka ce ta biya shi da jikinta.

Ya ce, "Ɗura."

Na ɗura har saba'in da ɗari da arba'in. Amma iskar da ta fito daga famfon da ya kwanta a jikina mai ɗumi ce, don haka na bari ta huce rabin awa, na sake aunawa, na cike abin da ya ragu. Sannan muka ɗaure buhu biyu na abincin karnuka a kujerar baya, nauyin Kaka ke nan da bargunanta, muka ƙara jaka. Kowane shokazoba yana da ɗan zoben roba a jikinsa. In ka tura zoben ƙasa ka yi tafiya, zai nuna maka iya inda ya nutsa. Na tura su, na hau, na nufi hanyar yanke, Yaya yana bina a kan babur ɗin aro, da sanda da kututture a amalanke.

Ƙarfe bai bugi ƙarfe ba, amma ya yi tauri. Buhunan suna tsalle, zoben kuwa ko rabi bai kai ba. Lambobin takardar na ƙattai biyu ne, ni da Kaka in aka haɗa mu ba mu kai nauyin Yaya ɗaya da rabi ba. Muka bankaɗa, na rage biyar a gaba, biyar a baya. Na sake ƙetarewa. Na sake ragewa a baya. A karo na uku zoben ya tsaya saura faɗin yatsa biyu ya kai ƙarshe, buhunan kuma suka zauna kamar an shimfiɗa su a gado. Sittin da biyar a gaba, ɗari da talatin a baya. Na rubuta da fensir a cikin murfin akwatin kayan aiki, na rubuta sanyin ranar a gefe.

Muka tarar da Goggo a ɗakin shan magani tana ƙirga ƙwayoyi cikin kwalba.

"Jiya na gama magana," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Yaya ya fara bayani, ya kawo iska, ya kawo jarka, ya rikita su. Ta ce, "Orville, jiya ma bayani ka yi mini, mai daɗi kuwa."

Na ce, "Goggo, ki hau da kanki."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rufe kwalbar, ta jawo rigar sanyinta.

A waje ta ɗaga ƙafa za ta hau, na tare ta. "Tsaya tukuna. Sai na ƙara iska."

"Saboda me?"

"An saita shi ne da nauyin Kaka."

"To?"

"Ke kin fi buhu biyu."

Yaya ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya. Goggo ta ce, "Buhu nawa na kai, mara kunya?"

"Kamar huɗu."

"Uku da rabi. Ƙara, ki daina kallona."

Na ƙara. Na kai ta hanyar yanke, na bi ta kan kwarin nan uku da suka ji wa Kaka ciwo, ban kauce wa ko ɗaya ba. A ƙarshen hanyar ta dafa kafaɗata ta ce in sake, wannan karon da sauri. Na sake. Da muka dawo ƙauye ba ta sauka a wurin aikinta ba, ta ce in wuce gidanmu. Ta shiga ta sake duba Kaka, ta sa ta miƙe, ta sa ta taka daga gado zuwa murhu ta dawo.

Sannan ta ce, "Ga sharaɗina. Gobe da hantsi. Rhoda ce za ta tuƙa."

"Ni fa na sayo kayan," in ji Yaya.

"Kai ka sayo, ita ta san halinsu. Kuma kai in ka ga fili ba ka iya haƙuri. Za ka ja amalanke a baya da nawa babur ɗin. Ba za a wuce mil goma a awa ba. A bukkar matafiya ta tsakiyar hanya za a tsaya a hura wuta, Mama ta kwanta awa guda. In na ga fuskarki ta canza, Mama, ko saura mil ɗaya ne, juyawa za mu yi."

Kaka ta ce, "To sai in rufe fuskar da gyale."

"Zan ɗaga."

"Rhoda, jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado. Ki duba ko ɓera bai taɓa mini fata ba."

Babur ɗin ya sake kwana a waje. Ranar Juma'a na mayar da iskar daidai abin da na rubuta, muka tashi rana tana taɓa kan itatuwa. Na ƙetare hanyar yanke ta farko ina sauraren bayana, ban ji komai ba sai ƙarar inji. Daga nan kogi ya buɗe, fari fat har iya ganin ido, sawun babura ya miƙe a tsakiya. Mil goma a awa tafiya ce mai ban haushi a irin wannan fili. Ina jin Yaya a baya yana matsa mai yana saki.

Mun isa bukkar tsakiya rana ta yi sama. Aka hura wuta, aka kwantar da Kaka, Goggo ta raba busasshen kifi da biskit. Ni na fita wajen babur ɗin, don tun mil biyu baya na ji ya fara tauri. Ma'aunin da ke ƙofar bukkar ya nuna goma ƙasa da sifili, sanyi ya sassauta da ashirin. Zoben ya tsaya nesa da inda na saba ganinsa. Na kira Yaya ya kawo sanda. Geji ya nuna sittin da tara a gaba, ɗari da talatin da bakwai a baya. Na danna ɗan maɓallin famfo na saki kaɗan kaɗan har suka dawo.

"Yanzu haka za a riƙa yi masa kullum?" ya ce. "Kamar jariri?"

"In Kaka ce a kai, haka za a yi."

Hanyar yanke ta biyu ita ce mafi muni, mil huɗu ta cikin fadama, ciyawa ta daskare dunƙule dunƙule a ƙarƙashin ƙanƙara. Na miƙe tsaye a kan matakai ina zaɓar inda zan sa takalman gaba. Babur ɗin yana hawa yana sauka, yana nutsawa yana tasowa, bai taɓa kaiwa ƙasa ba. A tsakiyar fadamar na ji an ja mini riga. Na tsaya na waiwaya.

"Madafan nan sun yi zafi da yawa," in ji Kaka. "Dafa ni za ku yi kafin mu isa?"

Na rage mata. Goggo ta iso ta ɗaga gyalen duk da haka, ta duba, ta mayar.

Mun ga hayaƙin Ƙauyen Sama tun rana da sauranta. Karnuka suka fara haushi, mutane suka fito bakin gaɓa. Yaya ya zo zai ɗauke ta, ta buge masa hannu ta ce a ba ta sandarta. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta jira, ta sauko da ɗayar. Wani surukinmu ya ce in kawo babur ɗin garejin makaranta ya kwana cikin ɗumi. Na yi godiya, na ce a waje zai kwana. Ya maimaita, yana ganin kunya nake ji. Na maimaita ni ma.

Ranar Asabar zauren taro ya cika, an jera tukwanen miya a tsakiya, an tara barguna da yadudduka a kan tebur. Da aka kira sunan Madeline, Goggo ta miƙa hannu za ta ɗauki jakar. Kaka ta riga ta. Daga bencinmu zuwa inda Madeline ke tsaye taku ashirin ne da wani abu. Kaka ta yi su ita kaɗai, sanda a dama, jaka a hagu, zauren ya yi tsit ana jin bugun sandar a katako. Ta ba Madeline takalman. Safar hannun kuwa ba ta miƙa ba, ta jingina sandar a jikin tebur, ta kama hannun Madeline na dama ta sa mata, ta kama na hagu ta sa mata, ta gyara bakinsu. Suka tsaya riƙe da juna har mai kiran suna ya gaji da jira ya kira na gaba.